Soriyasis: Ciwon Da Ba Shi Da Suna A Hausa, Da Maganin Da Ke Da Ma'auni

Wata ranar Talata cikin hunturu, yau shekara goma sha ɗaya ke nan, ina tsaye gaban allo ina yi wa ɗaliban aji biyu lacca, sai na ɗaga hannu zan rubuta wata kalma can sama, hannun rigata ya zame. Ban lura da komai ba sai da na ji ɗakin ya yi tsit, irin shirun da kowane malami ya san ba na sauraro ba ne. Da na juyo, sai na ga idanun 'yan layin gaba suna kan wani tabo mai faɗin tafin hannu da ke gwiwar hannuna, wanda ya yi ɓawo fari-fari kamar an barbaɗa toka. Bayan an tashi, ɗalibin da ya saba rugowa ya karɓi jakata ya tsaya daga nesa ya gaishe ni, hannayensa a baya. Tun daga ranar na koma sa riga mai maɓalli a wuyan hannu, na kuma daina ɗinka baƙin yadi, domin ɓawon da ke zubowa daga fatar kaina yana bayyana a kafaɗa.

Ana kirana Dokta, amma digirina na uku a fannin harshe ne, ko allura ban iya riƙewa ba. Saboda haka kada mai karatu ya ɗauki wannan rubutu a matsayin takardar likita. Bayanin mai ciwo ne, kuma Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sunan ciwon a wurin likitoci soriyasis, maganin da ya dawo mini da walwalata kuwa wani man shafawa ne da ya haɗa sinadarai biyu, wato sitiroyid da wani ɗan'uwan bitamin D. Sai dai kafin in kai ga wannan man, na yi shekara uku ina ɓata fatata da hannuna, kuma abin da ya jawo haka shi ne rashin sanin sunan abin da ke damuna.

Da tabon ya fara fitowa, kowa da sunan da ya raɗa masa. Mai askina ya ce makero ne, ya riƙa goge injinsa sau biyu bayan na tashi. Mahaifiyata ta ce kirci ne, ta aiko da saiwoyi a jiƙa da wani garin da za a kwaɓa da man shanu. Wani abokin aikina ya ce sanyi ne ya fito ta fata. Wata gwaggona ta kira matata gefe ta ce a tashi tsaye, wannan ba ya rasa hannun mahassada, tunda ga shi an yi mini ƙarin girma a wurin aiki. Akwai kuma sunan da babu wanda ya furta a gabana, amma na karanta shi a fuskokin masu janye hannu idan na miƙa nawa, wato kuturta. Kowane suna da maganin da ke biye da shi, kuma babu wanda ban gwada ba.

Wanda ya fi cutar da ni shi ne wanda ya fi saurin aiki. Wani yaro mai kemis a unguwarmu ya dubi gwiwar hannuna ya ce, "Malam, wannan ai ƙaramin abu ne," ya miƙo mini wani ɗan bututun mai mai arha. Cikin kwana huɗu ɓawon ya kwanta, ƙaiƙayin ya tafi. Na yi murna, na ajiye. Bayan mako biyu ya dawo, ya ƙara faɗi. Na sake saye. Haka muka yi ta yi, har ya zamana safe da dare nake shafawa, a gwiwa, a ƙugu, a goshi, duk inda ɗigo ya ɓullo. Bayan kamar shekara biyu fatar wuraren ta yi laushi kamar takardar sigari, ɗan gogar ƙusa sai jini, nanƙarwa ta fito mini a hammata, goshina kuma ya yi wani irin haske da ya sa wata ɗaliba ta tambayi ƙawarta ko Malam ya fara bilicin ne. Da na tsorata na yanke shi rana ɗaya, sai ciwon ya taso gaba ɗaya, baya da ciki da ƙwauri, har barci ya gagare ni. Wannan ne ya kai ni wurin likitan fata a wani asibitin koyarwa, bayan an ba ni ranar ganinsa da nisan mako biyar.

Likitan ya duba gwiwoyina, ya buɗa gashin kaina, ya riƙe yatsuna ya ƙura wa farcena ido, inda ya nuna mini wasu ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da tsinin allura, waɗanda ban taɓa kula da su ba. Ya tambaye ni ko akwai mai irin wannan a danginmu, sai a lokacin na tuna kawuna da ba ya rabuwa da doguwar riga ko da ana zafin bazara. Daga nan ya ce, "Malam, zan faɗa maka abu biyu, ɗaya zai faranta maka, ɗaya ba zai faranta maka ba. Ba ka shafa wa kowa wannan ciwon, ko matarka, ko 'ya'yanka, ko wanda kuka ci tuwo a kwano ɗaya. Amma kuma ba ya warkewa a rabu da shi har abada, lallaɓa shi ake yi kamar hawan jini."

Ga bayanin ciwon a taƙaice. Fatar ɗan Adam tana sabunta kanta kullum. Ana haifar sababbin ƙwayoyin halitta a ƙasan fata, su riƙa hawowa sannu a hankali, su bushe, su kaɗe ba tare da mun gani ba, kuma wannan tafiya takan ɗauki kimanin wata guda. A jikin mai soriyasis, garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, ita ce ke rikicewa ta tayar da kumburi a fatar da babu abin da ya same ta. Sai tafiyar wata guda ta koma ta ƙasa da mako guda, ƙwayoyin da ba su nuna ba su taru a sama su yi tudu, su yi ɓawo. Ya fi son gwiwar hannu da ta ƙafa da fatar kai da ƙugu. Littattafan Turawa suna cewa tabon ja ne, amma a baƙar fata yakan fito ne da duhu-duhu ko ruwan toka, shi ya sa ko ma'aikacin lafiya da bai saba ganinsa ba yakan ɗauke shi wani abu dabam. Akwai gado a cikinsa, kuma akwai abubuwan da ke tayar da shi, kamar damuwa, da busasshen sanyi, da ciwon maƙogwaro, da shan taba, da barasa, da wasu magunguna, ciki har da kulorokwin da wasu na hawan jini.

Ba Hausawa kaɗai suka taɓa rikita shi da kuturta ba. Ƙarnuka da dama mutanen Turai suna haɗa su a suna ɗaya. Ko Robert Willan, likitan Ingila da ya bayyana siffofin ciwon dalla-dalla a farkon ƙarni na 19, da sunan kuturta ya kira wani nau'insa. Sai a 1841 ne Ferdinand von Hebra, wani likita a Biyena ta ƙasar Ostiriya, ya raba su sarai. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin da ya ayyana soriyasis a matsayin ciwo mai tsanani da ba a ɗauka daga wani, rahoton da hukumar ta fitar a 2016 kuma ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ne ke fama da shi a duniya. Ya fi yawa a ƙasashen Turai masu sanyi fiye da Afirka ta Yamma, kuma wannan ƙarancin na daga cikin dalilan da suka sa har yau bai samu suna a bakinmu ba. An ware 29 ga Oktoba ta kowace shekara domin tunawa da masu shi.

Da na nuna wa likitan bututun da nake saye a kemis, sai ya karanta jikinsa ya ce sitiroyid ne mai ƙarfin gaske. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, man da ya rubuta mini shi ma akwai sitiroyid a ciki. Na ce, "Likita, ashe abin da ya ɓata mini fata za ka sake ba ni?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, gishiri ne. Da shi ake gyara miya, da shi kuma ake ɓata ta."

Sitiroyid na shafawa ya shigo hannun likitocin fata ne tun 1952, lokacin da aka fara gwada shi a Amurka. Aikinsa kashe wutar kumburi, ya kwantar da ƙaiƙayi, kuma yana yin haka da sauri. Aibinsa shi ne idan an daɗe a kansa yana sirantar da fata, yana kawo nanƙarwa da ba ta gogewa, idan kuma aka yawaita shi a faɗin jiki yakan ratsa cikin jini ya danne aikin wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda, waɗanda ke samar wa jiki nasa sitiroyid ɗin. In aka yanke shi farat ɗaya bayan dogon amfani, ciwon kan dawo da fushi, kamar yadda ya yi mini.

Labarin bitamin D kuwa dace ne. A tsakiyar shekarun 1980 wasu likitoci a Japan suna ba wani majinyaci wani nau'in bitamin D saboda raunin ƙashi, sai suka lura soriyasis da ke jikinsa ya washe. Daga nan masana suka gano cewa wannan sinadari yana rage gudun haihuwar ƙwayoyin fata, yana sa su nuna yadda ya kamata kafin su hawo sama. Matsalar ita ce yawansa yana tara kalsiyam a jini. Sai wani kamfanin magunguna na ƙasar Denmak, LEO Pharma, ya ƙera ɗan'uwansa mai suna kalsifotiriyol, wanda ke yin aikin a fata ba tare da ya cika tayar da kalsiyam ba, ya kuma shiga kasuwa a farkon shekarun 1990. Shi wannan ba ya sirantar da fata, amma aikinsa a hankali yake, kuma yakan yi wa wasu zafi-zafi ko raɗaɗi.

Hikimar haɗa su ita ce kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Sitiroyid ya kashe kumburi da wuri ya kuma rage raɗaɗin bitamin D, shi kuma bitamin D ya gyara haihuwar ƙwayoyin fata, ya sa ba a buƙatar daɗewa a kan sitiroyid. Da farko zuba su a mazubi ɗaya ya gagara, domin yanayin da ɗaya ke zama lafiya a cikinsa shi ke lalata ɗayan, sai da aka samo wani mai marar ruwa da zai riƙe su tare, a farkon shekarun 2000. Ana sayar da haɗin da sunan Daivobet ko Dovobet, kuma kowane giram guda yana ɗauke da maikirogiram 50 na kalsifotiriyol da rabin miligiram na sitiroyid mai suna betametazon. Akwai kuma nau'in da aka yi shi tsululu domin fatar kai, da wanda ake fesawa kamar kumfa. Wannan tarihi yana da darasi ga masu son dabara: sayen mayukan biyu dabam-dabam a kwaɓa su a murfin kwalba ba ya ba da abin da ake nema.

Ƙa'idojin da likitan ya rubuta mini a bayan takarda har yau suna cikin jakata. Sau ɗaya a rana, a kan tabon kawai, shafa marar kauri. Mako huɗu, sannan in koma ya gani. Kada in wuce giram 15 a rana, kada kuma wurin da nake shafawa ya wuce kashi 30 cikin 100 na faɗin jiki, saboda kalsiyam. Ya koya mini awo mai sauƙi: tafin hannun mutum da yatsunsa kimanin kashi ɗaya cikin ɗari ne na fatarsa, man da aka matso daga kan ɗan yatsa manuni zuwa gaɓar farko kuma kusan rabin giram ne, kuma ya isa ya rufe faɗin tafi biyu. Ban da fuska, ban da hammata da matsematsi da al'aura, domin fatar wuraren ba ta da kauri. A wanke hannu bayan an shafa, kada a kai ido. Kada a ɗaure wurin da leda ko bandeji. Kada a yi wanka nan take. Ni sai na mayar da lokacina bayan sallar isha'i, tunda babu sauran alwala a gaba da za ta wanke shi daga hannuwana kafin asuba.

Mako na farko ƙaiƙayin ya lafa, na yi barcin da na daɗe ban yi ba. A na biyu ɓawon ya ragu. Zuwa ƙarshen na huɗu tudun ya kwanta, sai dai ya bar baƙin tabo a gurbinsa. A nan ne mai baƙar fata ke faɗawa tarko, domin yakan zaci ciwon ne bai tafi ba, ya ci gaba da shafa sitiroyid a fatar da ta riga ta lafa. Likitan ya ce in shafa da yatsa in ji: in wurin ya yi sumul daidai da sauran fata, to aikin man ya ƙare, launin kuma zai koma da kansa cikin watanni. Haka kuwa aka yi. Daga nan ya rage mini zuwa kwana biyu a mako, daga baya muka tsaya. Duk shekara idan hunturu ya kama, ko lokacin duba takardun jarrabawa ya matse ni, yakan leƙo, in koma mu sake zagaye guda. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Akwai abubuwan da man ba zai yi wa mutum ba, shi zai yi wa kansa. Na farko shi ne hana fata bushewa. Man kaɗanya ko basilin bayan wanka, tun jiki na da damshi, yana rage rabin wahalar, sai dai a bar tazara tsakaninsa da magani. Na biyu shi ne jefar da soso mai kaushi. Mu mun taso da cewa wanka bai yi ba sai an dirje, ni kuwa har dutsen goge kaushi na taɓa sa wa tabon. Tun a shekarun 1870 wani likitan Jamus, Heinrich Köbner, ya lura cewa duk inda fatar mai soriyasis ta ji rauni, ko ƙarzuwa ce ko yanka, sabon tabo kan iya fitowa a wurin. Wannan ya shafi susa, da ɓamɓare ɓawo, da tsagar wanzami da ƙaho. Na uku shi ne faɗa wa duk likitan da zai rubuta maka magani cewa kana da wannan ciwon.

Ya zama wajibi in ja kunnen wanda zai gama karanta wannan ya zarce kemis. Idan abin da ke jikinka makero ne, sitiroyid zai kwantar da ƙaiƙayinsa ya kuma ba shi damar yaɗuwa a ɓoye. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da yaro ƙarami, da mai ciwon ƙoda ko matsalar kalsiyam, kada su taɓa shi sai da izinin likita. Idan ciwon ya rufe yawancin jiki, ko ya fito da ƙuraje masu ruwa, ko ya zo da zazzaɓi, wannan ya wuce man shafawa, asibiti ake zuwa a ranar. Idan gaɓoɓi suka fara ciwo da sanƙarewa da safe, ko yatsa ya kumbura, a faɗa da wuri, domin soriyasis yana taɓa gaɓoɓin wasu, kuma gaɓar da ta lalace ba ta komawa. Ga irin waɗannan akwai jinya da wani haske na musamman, da ƙwayoyi, da allurai na zamani. A kuma guji ƙwayoyi da alluran sitiroyid da ake bayarwa barkatai, irin waɗanda wasu ke sha domin ƙiba ana kiransu sha-ka-fashe, domin sukan share tabon na ɗan lokaci, daga baya ya dawo da nau'i mafi haɗari.

Gaskiyar da ba zan ɓoye ba ita ce wannan man yana da tsada, kuma ba a kowane kanti ake samunsa ba. Ni da ke da albashi sai na yi lissafi kafin in saya, balle wanda ke neman na cefanen yini. Likitocin fata kuma kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane. A gefe guda ga sitiroyid mai ƙarfi a kan teburin kowane mai kayan kwalliya, ana sayar da shi ba takarda, 'yan mata na shafe jiki da shi domin haske, garin neman gira ana rasa ido. Wato maganin da ke buƙatar ma'auni shi ne ya fi arha da sauƙin samu, mai koya ma'aunin kuma shi ya fi wuyar gani. Ina roƙon hukumomin lafiya su sa ido a kan wannan ciniki, su kuma duba yadda inshorar lafiya za ta ɗauke wa masu soriyasis nauyin maganinsu. Masu kemis kuma su ji tsoron haƙƙi, su iya cewa, "Wannan ya fi ƙarfina, je ka asibiti."

Mu ma masana harshe akwai namu aikin. Muddin ciwo ba shi da suna, sunan wani zai ara, ya kuma gaji tsangwamar mai sunan. Ya kamata mu zauna da likitocin fata mu samar masa sunan Hausa da mai sauraron rediyo a ƙauye zai ji ya gane.

Bara wata ɗaliba ta same ni a ofis, ta daɗe tana kame-kame kafin ta ce, "Malam, an ce kai ma kana da irin abin da ke jikin yayata." An ɗaga bikin yayar ne bayan da dangin ango suka ga bayan kunnenta da gwiwar hannunta. Na kwance maɓallin hannun rigata na nuna mata nawa, wanda a lokacin sai an ƙura ido ake ganin gurbinsa. Na ce ta kai ta wurin likitan fata, su tafi da duk mayukan da take shafawa, in da hali kuma su gayyaci wata dattijuwa daga dangin angon ta ji bayani da kunnenta. Bayan wata uku ɗalibar ta kawo mini katin ɗaurin aure da ƙullin alkaki. Na je, na kuma sa farar riga mai sakakken hannu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu ita.